Buhun PICS mai hawa uku: yadda ya riƙe mana wake ba magani

Duk mai noman wake a yankinmu na Dambatta ya san wahalar ba a gona take ƙarewa ba. Ka sha fama da tsutsa lokacin fure, ka yi roro, ka sussuke, ka zuba a buhu, kafin ka ankara ƙwaro ya huhhuda shi ya mai da shi gari. Shi ya sa wasu ke kai nasu kasuwar Dawanau tun da kaka su sayar a wulaƙance, wasu kuma su bulbula masa fiya-fiya. Domin wannan matsalar aka yi buhun PICS, wato buhun ajiya mai hana iska shiga, kuma a gidanmu ya biya kuɗinsa.

A makaranta na san shi. Ina karatu a Kwalejin Aikin Gona ta Audu Bako, sai malamin da ke koya mana ajiyar amfanin gona ya sa muka raba wake mai ƙwaro gida biyu, rabi a buhun gargajiya, rabi a na PICS, muka jingine su a sito. Da zangon karatu ya zo ƙarshe muka je buɗewa. Na gargajiyar, ko hannu ka ɗora za ka ji ɗumi, in ka kara kunne kana jin motsin ƙwarin. Na cusa hannu na ɗebo, tafina ya cika da gari da waken da ya zama ɓawo. Ɗayan kuwa waken na nan da nauyinsa da ƙyallinsa, ƙwarin da muka rufe tare da shi sun mutu sun taru a ƙasan leda.

Babu wani magani a jikinsa, kuma wannan ne abin da mutane suka fi kasa yarda da shi. Leda ce mai kauri guda biyu, ɗaya cikin ɗaya, sai buhun saƙa a waje da ke kare su. Idan aka ɗaure, ƙwarin da ke ciki su suke shaƙe iskar oksijin da ta rage har ta yi ƙasa sosai. Daga nan su daina ci, su daina hayayyafa, jikinsu ya bushe su mutu, domin ruwan jikinsu daga abincin da suke narkawa da wannan iskar yake samuwa. Aikin binciken Jami'ar Purdue ne da ke jihar Indiana a Amurka. Farfesa Larry Murdock, masanin ƙwari, ya faro shi tare da masu bincike a arewacin Kamaru a ƙarshen shekarun 1980, sai a 2007 aka fara yaɗa buhun a ƙauyukan Afirka ta Yamma da ta Tsakiya da tallafin gidauniyar Bill da Melinda Gates. Abin yana burge ni, a ce bincike ya fito daga ɗakin gwaji ya zama abin da mahaifiyata za ta iya ɗaurewa da igiya.

Da na kai shi gida Baba bai karɓa nan take ba. Ya murza ledar da yatsu ya ce, "To, ina maganin?" Na ce, "Baba, ɗaurin shi ne maganin." Ya ba ni wake buhu ɗaya kawai in gwada. Da bazara muka kwance, Inna ta jiƙa ta yi mana ƙosai, babu warin nan mai hawa kai da muka saba wankewa sau da yawa kafin a kai niƙa. Wanda ya ware na iri ma ya tsiro lafiya da damina.

A nan zan tsaya in ja hankali, domin yawancin masu cewa buhun bai yi musu aiki ba a wajen ɗauri suka samu matsala. Kafin zubawa, a hura iska a kowace leda a matse a ga ko tana yoyo. Waken ya bushe ƙarau, wanda in ka gatsa zai ce ƙas, kuma a sheƙe shi a tsince kara da tsakuwa, don tsinke ɗaya ya isa ya huda leda. A zuba a hankali, a danne a fitar da iska, a murɗe bakin ledar ciki, a lanƙwasa, a ɗaure. Sannan ta biyu, sannan buhun waje, kowanne da ɗaurinsa. A ɗora kan katako, nesa da bango da rana. Wanda zai riƙa buɗewa kullum yana ɗibar na tukunya ya ware na cinsa daban, domin kowane buɗi sabuwar iska ce ga ƙwaro.

Yana da tsada, ba zan ɓoye ba. Ya ninka buhun gargajiya sau da yawa, kuma da kaka ake saye, lokacin da kuɗi ke da wurin zuwa. Amma ana sake amfani da shi shekara da shekara muddin ledar ba ta huje ba, don haka a riƙa ninke shi a rataye inda ɓera ba zai kai ba. Abin da ya fi ɓata mini rai jabu ne. Wani ɗan kasuwa ya sayar wa ƙanin Baba mai siririyar leda da sunan na gaske, waken ya lalace, yanzu ko sunan buhun ba ya son ji. A sayi mai tambari wajen dilan da aka sani, a kuma taɓa kaurin ledar kafin a biya.

Ni dalilina na farko lafiya ce. A 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da busasshen waken Najeriya saboda yawan maganin ƙwari da aka samu a cikinsa, irin sinadarin da ke cikin fiya-fiya. Waken da suka ƙi karɓa, irinsa muke dafa wa yara a gida. Bana mun ƙaro buhuna har da na masara da dawa, kuma ina roƙon masu shagunan kayan noma a kasuwannin ƙauye su riƙa kawo mai kilo 50, domin ba kowace mace ce ke da waken da zai cika mai kilo 100 ba.