Mai batir, tubala ko ƙwallo: me ya kamata a saya wa yaro mai tatata?

Duk wanda ya tsaya gaban kayan wasan yara yana neman abin da zai saya wa ɗansa mai shekara ɗaya da rabi ko biyu, a kan masu walƙiya idonsa ke fara sauka. Ka danna nan ya yi waƙa, ka danna can ya ƙirga ɗaya, biyu, uku, kwalinsa kuma cike da alkawarin zai koya wa yaro haruffa. A gefe ga tubalan katako cikin jaka, shiru, ba fitila ba murya. Na sayi iri biyun, na kuma zauna a ƙasa na ga abin da 'yata ke yi da kowanne. Tun daga nan tambaya ɗaya nake yi wa kaina kafin in sa hannu a aljihu: wa zai yi aikin, yaron ko abin wasan?

Sai dai akwai tambayar da ta riga wannan, wato ko abin zai shiga baki. Yaron da bai kai shekara 3 ba da bakinsa yake binciken duniya. Maƙogwaronsa ƙanƙane ne, tarinsa kuma bai yi ƙarfin da zai tunkuɗo abin da ya maƙale ba. Shi ya sa a Amurka ake gwada kayan wasa da wani ɗan bututu mai faɗin santimita 3.17, duk abin da ya shige cikinsa gaba ɗaya doka ta hana a sayar da shi don 'yan ƙasa da shekara 3. A gida, kwalin tsakiyar tishu ya wadatar. Ya ɗan fi wancan bututun faɗi, kuma hakan ya fi alheri. Kada ku tsaya ga girman abin wasan kawai. Ku ja idon 'yar tsana, ku murɗa tayar mota, ku latsa inda aka manne da gam, domin abin da ya ɓalle a hannunku zai ɓalle a bakinsa.

A jikin kwali ku nemi jan zagaye da aka ja wa layi, mai fuskar jariri da rubutun 0-3. Ma'anarsa ba na wannan yaron ba ne. Iyaye da yawa suna ɗaukar shekarun da aka rubuta a matsayin awon basira, sai ka ji an ce ai yarona yana da wayo, zai iya da na 'yan shekara 4. Wayo ba ya ƙara wa maƙogwaro faɗi. Alamar CE ta Tarayyar Turai da rubutun EN 71 ko ASTM F963 suna nuna an ce kayan ya bi ƙa'idar lafiya, ganinsu ya fi rashinsu, amma kamfani ne ke buga alamar da kansa, don haka ba ta ɗauke muku dubawa da hannu ba.

Abubuwa huɗu ne ba na ko tsayawa shawara a kansu. Ƙaramin batir mai kama da maɓallin riga shi ya fi ba ni tsoro. In ya maƙale a hanyar abinci, yawu yana sa shi ya fara ƙona naman wurin, cikin awa 2 yana iya yin mummunar illa, yaron kuma wataƙila ba ya nuna wata alama da farko. Duk abin wasan da murfin batirinsa ba a ɗaure yake da noti ba, ku ajiye shi. Na biyu ƙananan maganaɗisu masu ƙarfi: in yaro ya haɗiye biyu, suna janyo juna ta bangon hanji har su huda shi. Sai 'yan ƙwayoyin nan masu kala da ke kumbura in sun sha ruwa, haka suke kumbura a cikin ciki. Na huɗu balan-balan, musamman wanda ba a hura ba ko guntun wanda ya fashe, yana lafewa a hanyar numfashi ya toshe ta. In kuna zargin ya haɗiye batir ko maganaɗisu, asibiti nan take, ba a jiran a ga abin da zai biyo baya.

To yanzu ga masu batir ɗin da suka tsallake wannan gwajin. Ba haramun ba ne, kuma yaro yana murna da su ranar farko. Wadda na saya wa 'yata wata 'yar kwamfutar roba ce mai faɗin sunayen dabbobi. Kwana uku tana danna maɓalli ɗaya, saniya tana kuka, ta sake dannawa. Abin da ya dame ni shi ne ni kaina na yi shiru. Injin yana magana, to me zan ce? Ashe ba ni kaɗai ba. A wani bincike da Anna Sosa ta Jami'ar Arewacin Arizona ta wallafa a mujallar JAMA Pediatrics a 2016, an naɗi muryar iyaye 26 da 'ya'yansu masu wata 10 zuwa 16 suna wasa a gida. Lokacin da suke riƙe da kayan wasa masu batir, kalmomin iyaye sun ragu, musayar magana tsakaninsu da yaran ma ta ragu, idan aka kwatanta da lokacin tubala da littafi. Binciken ƙarami ne, amma ya dace da abin da ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta faɗa a rahotonta na ƙarshen 2018, cewa kayan wasa masu sauƙi da ke haɗa yaro da babba su suka fi. Yaro a bakin mutum yake ɗaukar harshe, mutumin da ke kallonsa yana amsa masa. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai. In an ba ku mai batir kyauta, ku bar shi cikin sauran, ƙararsa in ta yi yawa ku manna salatif a bakin lasifikar, tunda yaro kusa da kunne yake kai komai.

Tubala ne suka fi cancantar a daɗe a kansu, domin iri-iri ne kuma ba ɗaya suke ba. Na katako marasa haƙora su ne tsohuwar zuma. Tun ƙarni na 19 Friedrich Froebel, Bajamushen da ya ƙirƙiro makarantar renon yara, ya sa su cikin kayan koyarwarsa. Amfaninsu yana cikin faɗuwarsu. Ba abin da ke riƙe tubali a kan ɗan'uwansa sai daidaiton hannu, don haka yaro yana koyon sassauta yatsu da saki a hankali. A wata 15 yawancin yara suna iya ɗora biyu, zuwa shekara 2 ginin ya fara tsawo. Na sha kallon 'yata ta ɗora na huɗu, ta janye hannu a hankali, bakinta a buɗe, ta juyo ta dube ni, sannan ta kai masa duka ya watse tana ƙyalƙyala dariya. Rushewar ma wasa ce, kada ku hana. Illar na katako ita ce nauyi in aka yi jifa da su, kuma dole a duba ko an goge kusurwoyinsu sumul, fentinsu ba ya ɓarewa.

Na roba masu haƙora, irin Duplo da kamfanin Lego ya fito da shi a 1969, sun ninka ƙananan Lego sau biyu a tsawo da faɗi da tsayi, shi ya sa ba sa haɗiyuwa. Ginin da aka yi da su ba ya rushewa, kuma suna wankuwa da ruwa da sabulu. Amma haɗa su yana buƙatar ƙarfin yatsu, ɗan wata 15 cirewa kawai yake iyawa, sai wajen shekara 2 suke fara yi masa daɗi sosai. Suna daɗewa har shekara 5. In akwai yaya a gidan mai ƙananan Lego, raba su wajibi ne. Na soso kuwa ban cika so ba ga yaron da ke cizon komai, yana iya gutsuro su.

In da za a ce in zaɓi abu guda ga ɗan shekara 1, kofunan roba masu shiga cikin juna zan ɗauka, kafin tubala ma. Ana jera su sama su zama hasumiya, a cusa ƙarami cikin babba, a kifa ɗaya a kan wani abu a ce ina ya shiga, a tafi da su wurin wanka a yi ta ɗiba ana zubarwa. Daga kofuna takwas kalmomi nawa za su fito daga bakinku? Babba, ƙarami, ciki, waje, cike, babu komai, ja, kore. Akwati mai ramukan siffofi da allon haɗa hoto mai manyan marika suna da amfani, sai dai hanya ɗaya ce tak ta yin su daidai, da zarar yaro ya gane ya gama da su. In za ku sayi allon, mai guntaye uku zuwa biyar ya isa a farko.

Hukumar Lafiya ta Duniya, a shawarwarin da ta fitar a 2019, ta ce yaro mai shekara 1 zuwa 2 yana buƙatar aƙalla minti 180 na motsa jiki a warwatse cikin yini. Awa uku kenan, kuma ba a zaune ake samunsu ba. A nan ƙwallo ba ta da abokin takara. Ku zaɓi mai laushi wadda hannu biyu za su rungume, ba ƙarama mai shiga baki ba. Ku zauna ku ware ƙafafu ku gangara masa ita, ku ce kama, ku jira ya turo. A wannan turo-in-turo yake fara sanin jiran layinsa. Wajen shekara 2 zai fara shurinta. Keken turawa yana taimakon wanda ya fara tatata matuƙar gindinsa yana da faɗi da nauyi, ba mai zillewa da gudu ba. Wanda ake zaunar da jariri a ciki yana yawo da tayoyi kuwa daban ne, Kanada ta haramta sayar da shi tun 2004 saboda raunukan da yake jawowa. Motar da ake ja da igiya, ku tabbata igiyar gajeriya ce, ba za ta zagaye wuya ba.

Littafi mai shafukan kwali ya fi na takarda ga wannan shekarun, saboda za a tauna shi a kuma ja shi. Mai hoto ɗaya babba a kowane shafi ya fi mai cunkoso. Ko rubutun cikinsa ba da harshenku ba ne, hoton kuke buƙata: ku nuna, ku faɗi sunan abin da harshen da kuke yi masa magana a gida, ku tsaya ku ba shi dama ya amsa, ko da da yatsa ne. A binciken Sosa littafi ne ya fi komai fitar da magana.

'Yar tsana ta ƙyalle mai idon zare, ga mace ga namiji, tana fara aiki sosai daga shekara 2 zuwa 2 da rabi, lokacin da yaro ke ɗaukar tubali ya kara a kunne ya ce waya ce, ko ya lulluɓe tsanar ya ce ta yi barci. Fensirin kala mai kauri da faffaɗar takarda sun isa tun wata 18. Yumɓun wasa sai kuna zaune tare da shi.

Wayar hannu da kwamfutar hannu ta yara fa, wadda ake tallatawa da sunan ilimi? Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya a fili take: ɗan shekara 1 kada a zaunar da shi gaban allo, ɗan shekara 2 kada ya wuce awa 1 a rana, in ya gaza haka ya fi kyau. Ban ga dalilin sayen na'ura ta musamman don abin da aka ce a rage ba. Haka kuma kada sunan Montessori a jikin kwali ya ruɗe ku. Maria Montessori likita ce 'yar Italiya da ta buɗe makarantarta ta farko a Rum a 1907, tsarinta yana da daraja, amma yau kowa yana iya buga sunan a kan hajarsa.

Yawa ma ba shi ne ba. Masu bincike a Jami'ar Toledo ta Amurka sun gwada yara 36 masu wata 18 zuwa 30, wani lokaci da kayan wasa 4, wani lokaci da 16. Da huɗun sun fi daɗewa a kan kowanne, sun kuma fi ƙirƙiro hanyoyin wasa da shi. Abin da nake yi yanzu shi ne in bar kaɗan a waje, sauran in ɓoye, bayan mako biyu in musanya. Kofunan da 'yata ta manta da su sai ta tarbe su kamar sababbi.

Kwalin da aka kawo kaya a ciki kuma kada ku yi saurin yar da shi. Ba banza ba aka shigar da kwali cikin zauren girmama kayan wasa na Amurka a 2005. Ku cire ƙusoshin ƙarfe da leda, ku ba shi. Yau mota ne, gobe ɗaki, jibi wurin wasan ɓuya, ku leƙa ku ce ina yake, ya fito yana ihu.

Kayan da aka gada ko aka saya na hannu suna da kyau in na roba ne mai ƙwari ko katako marar fenti. Tsohon mai fenti da ba ku san asalinsa ba ku haƙura da shi, domin fenti yana iya ɗaukar dalma, ita kuwa dalma babu adadinta da aka sani ba ya cutar da ƙwaƙwalwar yaro. Wasan ruwa kuma, ko a ɗan bokiti ne, ba a juya masa baya ko na minti ɗaya, kan yaro ya fi jikinsa rinjaye, in ya kifa ciki ba ya iya ɗagowa. Da an gama a zubar da ruwan a kife bokitin.