Yadda bankunan Amurka suke, ga mai tambaya daga gida

Yaya barka da war haka, ya iyali ya kasuwa. Ka ce in gaya maka ko bankunan nan ma suna yankar mutum kamar namu.

Caji akwai amma ba irin na gida ba, ba kudin alat, ba naira hamsin din nan da ake zarewa in an yi tiransifa. Inda suke kama mutane shi ne katin bashi, ruwansa ya haura kashi 20 cikin 100, in ka yi sakaci wata biyu sai ka rasa me ka saya ma.

Abin da ya daure min kai shi ne Fed, babban bankinsu, biyan bankuna ruwa yake yi kan kudin da suka ajiye a wurinsa, tun Oktoban 2008 da tattalin arziki ya durkushe. Ka ga ai banki ba zai ba wani rance kasa da abin da yake samu yana kwance ba, to shi ya sa ko Fed ya malala kudi a kasuwa yana sayen takardun bashin gwamnati ruwa ba ya zubewa sai in shi ya ga dama. Da tsadar kaya ta taso a 2022 ba sai da suka kwashe kudin ba, lambar ruwan nan da suke biyan bankuna suka dinga dagawa har ta kai kashi 5.4 a Yulin 2023, bashin mota da na gida duk suka bi ta, wani makwabcina dan Kumasi har fasa sayen mota ya yi. Amma fa ba kyauta ba ce, a 2023 Fed ya tafka asarar sama da dala biliyan 100.

Mu kuwa CBN daure kudin yake yi, a 2024 ya kai CRR, wato kason ajiyar da dole banki ya bari a wurinsa, kashi 50, rabin ajiyar jama'a a kulle kuma ko sisi ba ya biyan banki a kai. To daga ina bankin zai fanshe? Daga jikinku mana. Ni a ganina dabarar Fed ta fi ba da sararin juyawa, tamu guduma ce kawai.

Kar ka dauka na nan waliyyai ne, a 2023 manyansu suna karbar kashi biyar daga Fed suna ba mai asusun ajiya kasa da daya. Ni dai akawun mara ruwa na bude saboda maganar riba. Kudin makarantar yara zan turo Juma'a in sha Allah, a gaida Inna.