Gwajin furostet: likitan ya yi, layin ne matsala

Shekarata 54, kuma na yi wata uku ina tashi fitsari sau huɗu a dare kafin na yarda na je asibiti. Tsoron sankara ne ya kai ni, don ita ta kwantar da yayana.

Abin da ya fi burge ni shi ne likitan. Takarda ya ɗauko ya zana mini mafitsara, ya zana furostet ɗin a ƙarƙashinta, wata 'yar tsoka ce a jikin maza da ta zagaye bututun fitsari. Ya ce, "Malam, idan ta kumbura ita ke matse hanya, kuma yawancin kumburin tsufa ne, ba sankara ba." Sankarar ma, in ji shi, da farko ba ta cika nuna alama ba. Shi ya sa baƙar fata da wanda ta taɓa kama mahaifinsa ko ɗan uwansa ya kamata su fara tuntuɓar likita tun suna 45.

An ɗebi jinina don gwajin PSA, wani sinadari da furostet ke fitarwa wanda ake auna yawansa a jini. Sai kuma dubawa da yatsa ta dubura, wadda na kwana ina fargabarta. Ko minti ɗaya ba ta kai ba, kunya ce kawai.

Inda asibitin ya gaza: awa uku na yi a kan benci, kuma ba wanda ya gaya mini tun farko cewa saduwa da iyali cikin kwana biyu kafin gwajin na iya ɗaga sakamakon. Dole na sake komawa. PSA ɗin ya ɗan hau, amma likita ya ce wannan kaɗai ba ya tabbatar da sankara, sai an ɗebi tsoka an duba. Zan koma wajensa, da sassafe dai.