Emscripten ko sake rubutawa: hanyoyi biyu na kai laburaren zane cikin burauza

Duk wanda yake da laburaren zane (tarin umarnin kwamfuta da manhajoji ke amfani da shi wajen zana hoto a allo) da aka rubuta da C ko C++ don kwamfuta, kuma yana son ya yi aiki a burauza, hanya biyu ce a gabansa.

Ta farko, a bar umarnin da aka rubuta yadda suke, Emscripten, wato manhajar da ke fassara C da C++, ya juye su zuwa WebAssembly, tsarin umarnin da burauza ke iya gudanarwa, wanda manyan burauzoji suka karɓa tun 2017. Aikin shekaru bai tafi a banza ba, sauri ma ba laifi. Haka aka yi da laburaren zane na Skia har aka samu CanvasKit, sigarsa ta burauza. Sai dai akwai rina a kaba. WebGL, hanyar da burauza ke bi wajen zane, a kan OpenGL ES aka gina shi, wato taƙaitacciyar sigar tsarin zane na OpenGL, don haka tsohon salon OpenGL na zane da umarnin glBegin da glEnd bai da mazauni sai da dabarar kwaikwayo. Babban madaukin manhajar da ke maimaita zane ba tsayawa kuwa, in aka bar shi, shafin zai daskare ƙam. Galibi akan miƙa wa burauza ragama ta hanyar umarnin emscripten_set_main_loop, ita ta riƙa kiran zane hoto bayan hoto. Fayilolin da manhajar ke karantawa ma akan ƙunsa su tare da ita tun farko, ga nauyin saukewa.

Ta biyu, a sake rubuta komai da JavaScript ko TypeScript. Kayan sukan fito da sauƙi, gano kuskure ba wahala. Amma fa laburare ya zama biyu, kowane gyara sai an yi shi sau biyu.

A ganina, in laburaren babba ne kuma ana ci gaba da gyara shi, Emscripten ya fi. Ƙarami kuwa, a sake rubuta shi kawai.