Python Tutor ga mai koyon binary search: inda yake amfani da inda yake gazawa

Python Tutor shafi ne na kyauta da Philip Guo ya ƙirƙira a 2010. Ba rajista, ba sauke manhaja. Ka liƙa kod ɗinka, ka danna Visualize Execution, sai ya riƙa gudanar da shi layi bayan layi, yana nuna maka a gefen dama abin da ke cikin kowane ma'ajin ƙima. Next na kai ka gaba, Prev na mayar da kai baya. Wannan komawa bayan ita ce babbar fa'idarsa, domin kuskuren binary search, wato neman abu a tsararren jeri ta hanyar raba shi biyu a kowane zagaye, yakan faru ne a zagayen da ya wuce, ba a inda aka ga sakamakon ba.

Ɗauki jerin 3, 8, 15, 21, 34, 42, 57, ka nemi 57. Da farko low (gurbin farko) yana 0, high (gurbin ƙarshe) yana 6, mid (gurbin tsakiya) ya faɗa kan 3, wato 21. Sai low ya koma 4, mid ya zama 5, wato 42, sannan low ya kai 6. Idan ka rubuta while low < high, a nan zagayen zai tsaya tun bai duba gurbin ƙarshe ba, ya ce babu 57 alhali ga ta a zaune. A allon za ka ga low da high duk suna 6 lokacin da kibiya ta tsallake zuwa return -1, nan take ka gane <= ake bukata.

Kuskure na biyu ya fi ban haushi: rubuta low = mid maimakon low = mid + 1. A wannan jerin low zai maƙale a 5, high a 6, mid ya yi ta dawowa 5. A kwamfutarka sai dai ka ga shirin ya yi shiru. Python Tutor kuwa yana tsayawa bayan matakai 1000, kuma tun kafin nan ka ga lambobin sun daina motsi. Mai raba low + high da / maimakon // ma zai ga mid ya fito 3.0 kafin saƙon kuskure na TypeError ya biyo.

Amma ba kome yake kamawa ba. Idan jerin ba a tsare yake daga ƙarami zuwa babba ba, ba zai gargaɗe ka ba. Da yake ba a yi shi don manyan jeri ba, da wuya ka ga armashin hanyar a zahiri, wato abubuwa miliyan ɗaya cikin kwatance 20 kacal. Haka matsalar da Joshua Bloch ya bayyana a 2006, cewa low + high na iya zarce 2,147,483,647 a Java, ba ta bayyana a jerin abubuwa bakwai. Maganinta a Java shi ne low + (high - low) / 2.

A waya kuma allon yana matsewa, ga shi sai da data. Wanda intanet ke yi masa wuya ya sauke Thonny a kwamfuta, shi ma yana bin kod mataki-mataki, ba tare da intanet ba.