Bekin soda ko feshin obin: wanne ya fi fitar da maiƙon gindin tukunya?

Hajiya, tsakanin bekin soda da feshin wanke obin ɗin nan da kika tambaya, ki ɗauki bekin soda kawai, ki bar kuɗin feshin a jakarki.

Baƙin nan mai danƙo da ke gindin tukunya daban yake da ƙanzo. Mai ne yake gangarowa ta gefe, wuta ta gasa shi yau ta gasa gobe, har ya dafe ya zama kamar fenti. Shi ya sa sabulun wanke-wanke yake wucewa ta kansa bai yi masa komai ba. Sai an jiƙa shi da abin da zai sassauta shi tukuna, sannan soso ya yi aiki.

Ina da wani kaskon sitil da nake ji da shi, gindinsa ya dafe har farce ba ya kankarar komai. Na kwaɓa bekin soda cokali 3 da ruwa cokali 1, na ɗiga sabulun ruwa kaɗan, na kife kaskon na lafta masa da kauri, na rufe da leda don kada ya bushe, ya kwana a haka. Da safe farin kwaɓin nan ya koma ruwan ƙasa. Ina sa soson waya maiƙon ya riƙa tashi yana murmushewa, har tambarin kamfanin da ke gindin, wanda ya daɗe da ɓacewa, ya fito ɓaro-ɓaro. Wallahi na ji daɗi ranar. Wajen maƙalar hannun ne ya yi gardama, sai da na sake shafawa na bi shi da tsohon burushin haƙori.

In maiƙon naki ya yi shekaru yana taruwa, ki sami tukunyar sitil da ta fi tukunyar taki girma, ki zuba ruwa da bekin soda kamar rabin kofi, ki tsoma gindin a ciki ya tafasa na minti 20 zuwa 30. Zafin yana mayar da wani ɓangare na bekin sodar ya zama sodar wanki, wadda ta fi ta ƙarfi a kan mai. Ki goge tun da ɗuminsa.

Kada ki zuba ruwan khal a kan kwaɓin. Kumfar da ke tashi tana burge ido, amma iska ce kawai ke fita, su biyun kuma kowanne ya kashe ƙarfin ɗan'uwansa. Bilic kuwa ko kusa kada ya haɗu da khal, iskar da suke fitarwa guba ce.

Feshin obin yana aiki, ba zan yi masa ƙarya ba, kuma ya fi sauri. Nawa dai yana nan rabin gwangwani, ban ƙara waiwayarsa ba. Yawancinsu kostik soda ce a ciki, tana ƙona fata, ga shaƙe mutum, sai da safar hannu ta roba da taga a buɗe. Babbar matsalar ita ce tana cin dalma. Tukunyar dalma in ta sha shi sai ta yi dabbare-dabbare ta yi kaushi, kuma ba ta dawowa. Yawancin kaskon nonstik ma jikinsa dalma ce aka yi wa fenti, to ki kiyaye. Ita kanta bekin sodar kada ki bar ta ta kwana a kan dalma, tana dusashe ta. Minti 15 ya isa, ki goge da soso mai laushi, in bai fita ba ki maimaita.

Sai ki yi hattara da masu tallar ruwan wanke tukunya a gora marar suna, waɗanda za su nuna miki bidiyo an shafa sau ɗaya gindin ya yi fes. Baƙin hayaƙi na jiya ko da ruwan ɗumi yana fita, ba shi ne irin naki ba. Abin da ba a rubuta me ke cikinsa ba kada ki sa masa hannu, don ba ki san ƙarfinsa ba. Wasu kuma za su miƙo miki bakar hoda, wato bekin fauda ta yin kek, su ce ai duk ɗaya ne da bekin soda. Ba ɗaya ba ne, ita an gauraya ta da sitaci da sinadari mai tsami, ba za ta yi miki aikin ba. Ki duba jikin kwalin, in tukunyar taki ta dalma ce kuma ki fara gwadawa a ɗan gefe kafin ki shafe gindin duka.