Hayar lab don shirin CCIE: awa huɗu na biya, ɗaya da rabi na mora

Wata bakwai ke nan ina shirin jarrabawar lab ta CCIE Enterprise Infrastructure, wato jarrabawar aikin hannu ta kamfanin Cisco ga ƙwararrun injiniyoyin sadarwar kwamfuta, uku daga ciki da wani kamfanin hayar na'urori ta intanet na yi su. Duk wanda yake wannan layi ya san dalili. Fasahohin sadarwa irin su OSPF, BGP, MPLS da DMVPN kana iya harhaɗa su a ɗakinka a kan EVE-NG, manhajar da ke kwaikwayon na'urorin sadarwa, in dai kwamfutarka tana da RAM mai kauri. Amma da ka iso SD-Access, tsarin Cisco na sarrafa na'urorin sadarwa daga wuri ɗaya, zance ya canza, don Catalyst Center, manhajar da ke tafiyar da shi, wanda a da muke kira DNA Center, ba kayan laftof ba ne. Ko ka yi haya, ko ka haƙura.

Da farko har talla nake musu kyauta. Na'urorin ba sa nauyi, ko da datar waya nake ciki abin yana tafiya, kuma ran da aka ɗauke mana wuta na koma janareto, na tarar da aikina yadda na bar shi.

Sai daren wata Juma'a. Na kama awa huɗu, daga sha biyun dare, lokacin da yara sun yi barci. Niyyata in gina fabrik, wato cikakken tsarin SD-Access, tun daga tushe da agogo a gabana, tunda jarrabawar awa takwas ce, uku na zanen tsari, biyar na ginawa da gyara, kuma a biyar ɗin nan lokaci ke kashe mutane. Na sa Catalyst Center ya nemo suwic-suwic, na'urorin da ke haɗa kwamfutoci da juna, uku suka fito, ɗaya ya ƙi. Na sake rubuta kalmar sirri. Na duba SNMP, hanyar da yake tambayar na'ura bayananta. Ping, gwajin ko na'ura na kan layi, yana amsawa lafiya lau, amma SSH, ƙofar shiga na'urar daga nesa, ya ce bai san ni ba. Na tuhumi kaina, na tuhumi intanet ɗina, har na fara cewa anya ban yi asarar wata bakwai ba. Shayin da na dafa ya huce a kofi ban ko kurɓa ba.

Sai wajen biyu da rabi na shiga ta konsol, ƙofar shiga na'urar kai tsaye, na buga show running-config, umarnin da ke nuna saitin da ke cikinta. Ashe suwic ɗin ma sunan da wani ya raɗa masa yake ɗauke da shi, kuma layukan AAA, masu kula da izinin shiga, suna tura tantancewa zuwa wata sabar RADIUS, mai duba kalmar sirri, wadda ba ta cikin takardar da suka ba ni. Wanda ya yi haya kafina ya gama ya tafi, su kuma ba su wanke na'urar ba. Haba jama'a! Ko mai gidan haya yana share ɗaki kafin ya miƙa makulli.

Na rubuta musu nan take har da hoton allo. Amsa ba ta zo ba sai Litinin: wai suna ba da haƙuri, kuma wai gano irin wannan matsala ai horo ne mai kyau ga jarrabawa. Wannan maganar ta fi asarar ƙona min rai. Horon gyara ni zan zaɓi ranar yinsa. Da ƙyar suka mayar min da awa ɗaya.

Abin ya tono min wani tsohon haushi da na riga na yafe. A watan Maris da Amurka ta matsar da agogonta gaba, jadawalinsu ya bi, ba ko saƙon gargaɗi. Ƙarfe shida na yammarsu da ke zama sha biyun darenmu ta koma sha ɗaya, na zo na tarar awa guda ta wuce. A lokacin cewa na yi sakacina ne. Yanzu kam na fara shakka.

Kujerar jarrabawar nan dala 1,600 ce, ban da jirgi da masauki a Dubai, kuma shekara uku da ake ba mutum bayan cin ENCOR, jarrabawar share fage kafin lab, tawa ta ci rabi. Ina da sauran awa goma sha biyu a wurinsu, kuma zan cinye su tunda ba a mayar da kuɗi. Amma yanzu kafin in taɓa komai sai na bi kowace na'ura ta konsol na ga abin da aka bar min a ciki, minti goma sha biyar kuma daga aljihuna.